Gadon da Na Raba Saboda Ciyawa

Da sunan Allah nake ɗora alƙalami a kan wannan babi, kuma shi ne babin da na fi yi wa nawa. Abin da ya tashe ni shi ne wata magana da na ji a bikin jikata Safiya. Ina kishingiɗe a ɗaki, ana tsammanin barci nake, sai na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, ta san kanta, tana gaya wa baƙi wai ai Mama ce ta raba Baba da yayansa saboda tumaki. Cikin dariya ta faɗa, kamar tsohon labarin da kowa ya riga ya yarda da shi. Ni ban yi dariya ba, raina ne ya ɓaci. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ba ta da bakin kare kanta yanzu, ni kuwa ina da sauran numfashi da tabarau. To ku ba ni aron kunnuwanku, in gaya muku yadda aka yi.

Ni a New Bell, unguwarmu ta Duwala, aka yanke mini cibiya. Kakanmu ne ya sauko daga arewa da fataucin goro, ya ga ruwa ya ga ciniki, ya ajiye sandarsa. Mu jikoki mun tashi da Hausa a baki, Faransanci a makaranta, turancin kasuwa a bakin titi. Iyakar sanina da dabba shi ne rago da ake sayowa ana jibi Sallah, a ɗaure shi a ƙofar gida yara su ja masa kunne, ranar Sallah a ci shi. A lokacin da nake ba ku labari ina aiki a ofishin wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, kullum cikin farar riga, alƙalami a aljihun gaba, ina jin kaina. Mahaifinmu ya rasu tun ina makaranta. Baffanku Bala, yayana, shi ya riƙe gidan da rumfarsa ta yadi a babbar kasuwa, Marshe Santral, shi ya ƙarasa mini karatu. Ku riƙe wannan da kyau, don kada ku gama karanta babin nan ku ɗauke shi mugu.

Mahaifiyarku Hadiza daga wani ƙauye kusa da Garwa na auro ta. Aiki ya kai ni can, na gan ta a gidan wani abokina, na yi magana, ta yarda. Daga baya takan ce farar rigata ce ta ruɗe ta, da ta san irin ruwan saman da ke bayan rigar da ta sake shawara. Wasa take yi, amma a shekarar farko abin ba wasa ba ne. Yarinyar da ta tashi inda za ka tsaya a ƙofar gida ka hango garin da ke gaba, aka kawo ta inda rufin maƙwabci ke taɓa naka. Ruwa ya sauko ya ƙi ɗaukewa. Shanya ba ta bushewa, gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Ba ta jin Faransanci, ba ta jin turancin kasuwa, Hausar tamu ma cewa take duk faci ce. Sai in dawo daga aiki in same ta tsaye a bakin ƙofa ta ɗaga kai sama, tana neman inda rana take. Ana cikin haka ta yi ɓari. Daga nan ta daina cin abinci sai abin da ba a rasa ba. Iya, kakarku, ta dama kunu, ta yi lallashi, ta yi faɗa, duk a banza. Kullum zane sai ƙara zagaye ta yake yi.

Labari ya kai gida. Wata rana sai ga Kawu Hamadu, ƙanin mahaifiyarta, wanda ke rako shanu daga arewa, ya yi sallama yana jan tumaki biyu, uwa da 'yarta. Udoji ne, irin tumakin arewa dogaye, gaba baƙi baya fari, kunnuwa har suna lilo. Surukata ce ta aiko wa 'yarta da su daga garkenta. Na ga mahaifiyarku ta fito daga ɗaki da gudu babu ko mayafi, ta durƙusa ta rungume wuyan babbar, ta cusa fuskarta cikin gashinta tana shaƙa. Ta ce warin gida take ji. Ni dai warin tunkiya na ji. Kawu Hamadu ya ci abinci, ya dubi 'yar tasa da kyau, sannan ya ja ni zaure.

"Sa'idu, ba haka muka ba ka ita ba," in ji shi. "Ban ce laifinka ba ne, wata ƙasar ba ta karɓar wani. In ruwa ya ɗauke zan dawo in kai ta ganin gida. Idan kuwa iskar can ta fi karɓar ta, ba zan yi maka alkawarin komai ba."

Na gane abin da yake nufi sarai. Na raka shi har bakin titi, na dawo cike da damuwa, domin ina son matata, kuma ban san yadda ake riƙe mutumin da ƙasa ta ƙi ba.

Tumakin nan suka yi abin da mu muka kasa. Ta fara tashi da sassafe, ta fara ci, har na ji ta tana waƙa a madafa. Ta sa na sayo mata lauje wajen maƙeran arewa. Ranar da ta fara bin matan unguwa zuwa gefen layin dogo ta ga sisongo, doguwar ciyawar nan mai kama da rake da ke fin mutum tsawo, ta dawo tana tambayata gonar wane ne. Na ce ba ta kowa ba ce, ciyawa ce kawai, mutane ma kuɗi suke biya a sare musu ita. Ta riƙe baki. A garinsu, in ji ta, da an ga irin wannan da sai an kwana ana gadi.

A nan ne ta yi kuskuren da ɗan Duwala ba zai taɓa yi ba, sai wanda ya san rani. A garinsu duk mai dabba ya san kore na 'yan watanni ne. Kafin ya wuce sai ka yanke duk abin da hannunka ya kai, ka shanya, ka ɗaure dami-dami, ka jibge a kan rumfa ko a reshen itace, rana ta tsare maka shi har wata damina. Wanda bai tara harawa ba, shi ne zai sayar da dabbarsa da arha a bazara. Da wannan ta tashi, da shi ta zo. Sai ta dinga yanka ba ji ba gani. Ɗan filin da ke bayan gidanmu, wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa, ta ƙwalƙwale shi tas har da fartanya, ko saiwa ba ta bari ba. In rana ta leƙo ta baza, in hadari ya taso ta kwashe, ta ɗaure, ta jera a kan rufin madafa ta rufe da tsohon buhu. Iya ta tsaya tana kallon ikon Allah.

"Yarinya, wa kike tara wa wannan?"

"Rani, Iya."

"Ranin Duwala? Ai kafin ki gama gaishe shi ya yi sallama."

Muka yi dariya, ita ma ta yi. Babu wanda ya hana ta, don babu wanda ya san abin hanawa. Iya a nan aka haife ta, kaji kawai ta taɓa kiwatawa. Mu gani muke ƙwazo ne, har yaba mata muke.

Sai ruwa ya shiga irin kwanakin nan da kuka sani, waɗanda ba a ganin rana, lungu ya zama rafi, babu mai fita sai dole. Ta yi murna tana da tanadi. Ta riƙa sauko da damin tana zuba wa tumakin. Daga waje ya yi kamar ya bushe, cikinsa kuwa ya yi zafi, ya yi fumfuna fari fat. Ta karkaɗe ta ba su, don a saninta busasshiyar ciyawa ba ta cuta. Babbar, da yake ta fi ci, ita ta fara kwantawa. Ciki ya kumbura, zawo ya biyo baya, ƙafafunta kuma da ma sun jiƙe da tsayuwa cikin taɓo har kofato ya fara wari. Muka ba ta kanwa, muka ba ta man ja, duk abin da wani ya faɗa muka gwada. Wata safiya Baffanku Bala ya duba ta ya ce in ba a sa wuƙa yanzu ba za ta zama mushe. Shi ya yanka. Mahaifiyarku ba ta yi kuka a gabanmu ba, ba ta kuma taɓa naman ba. Da na dawo daga aiki na tarar ta sauke akwatinta, ta ninke kayanta ta jera a ciki, ta ɗaure shi da igiya ta tura ƙarƙashin gado. 'Yar tunkiyar da ta rage tana tsaye a kusurwa, kunnuwa a zube, ita ma da alamar bin uwarta.

Bayan dangarmu akwai wata dattijuwa 'yar ƙabilar Basa, Mami Ngo, mai sayar da miyondo, wato dafaffen ƙullin rogo da ake naɗewa a ganye, tana da 'yan awaki da tumaki gajeru irin na nan, waɗanda mahaifiyarku ke cewa kamar an danne su da dutse. Shekara da shekaru tsakaninta da Iya gaisuwa ce kawai ta saman danga. Warin ruɓaɓɓiyar ciyawar da muka zubar ne ya kawo ta. Ta shigo ba sallama, ta tsuguna ta buɗe dami ɗaya, ta shinshina, ta dubi tunkiyar, ta dubi mahaifiyarku. Sai ta dafa kafaɗarta ta ce ashiya, wato sannunmu ta nan. Kalmar ke nan ta farko da mahaifiyarku ta koya a yaren garin nan. Daga nan ta kama hannunta ta ja ta zuwa gidanta.

Har yau ina mamakin yadda matan nan biyu suka yi watanni suna hira ba su da harshe ɗaya. Da hannu ake yi, da gira, da dungure wa juna kai. Mami Ngo ta nuna mata dandamalin katako da ta yi wa dabbobinta, suna sama, fitsari da kashi suna zuba ƙasa, ƙafa ba ta taɓa taɓo. Ta nuna mata ba a yankan ciyawa da raɓa a jikinta, sai rana ta ɗaga, kuma ba a zuba ta ɗanya shar, sai an baza ta a ƙarƙashin rufi ta sha iska ta yi laushi. Ta kai ta bakin lambatu ta nuna ciyawar wurin, kore mai sheƙi, ta kama cikinta ta murɗe fuska, wato tsutsa ke nan. Ta nuna mata ɓawon ayaba da ganyen rogo da aka bari ya yi yaushi. Abu ɗaya ne hannu ya kasa faɗa, sai da suka jira ni ranar Lahadi na yi musu tafinta. Mami Ngo ta tsayar da mu gaban 'yar gonarta ta sisongo, wadda ta kasa kashi-kashi, wani ya kai ƙirji, wani gwiwa, wani kututture ne da sabon toho.

"Gaya mata," in ji Mami Ngo, "a garinsu sama ake ajiya, rana ke gadi. A nan duk abin da ka sare ka ajiye, ruwa ya ci. Ta bar shi a tsaye da ransa, ta ɗebi na yau kawai. In ta yanki wannan, ta bar masa tsawon dunƙulen hannu, ta zuba masa kashin dabba, ta ƙyale shi. Kafin ta zagayo ya tashi yana jiranta."

Na juya mata da Hausa. Mahaifiyarku ta dubi tohon, sannan ta ce ashe kaza ce ita, ta kwana kan dami da yunwa. Ranar ce na fara jin ta yi wa kanta dariya tun bayan yanka tunkiyar.

Ciyawar layin dogo ba abin dogaro ba ce. Kowa na yanka, masu ragunan Sallah su yi mata ƙarƙaf, wani lokaci ma'aikata su sare su ƙone, rabinta kuma a bakin lambatu take. Saboda haka Mami Ngo ta sara mata karan sisongo gaɓa-gaɓa, suka shiga filin bayan gidanmu da ta ƙwalƙwale, suka ja kunya don ruwa ya samu hanya, suka kafa karan a karkace kamar yadda ake dasa rake. Ni na buga dandamali da ragowar katakon akwatunan da ake zubarwa a wurin aikinmu, na daki yatsana har farce ya fita. 'Yar tunkiyar ta hau, ta fara tuƙa, kunnuwa suka tashi. Toho ya fito layi-layi. Kowace safiya mahaifiyarku sai ta je ta tsuguna tana duba shi kamar mai duba jariri. Kumatunta suka fara dawowa. Amma akwati yana nan ɗaure a ƙarƙashin gado, ni kuwa kullum sai na leƙa.

Ruwa na fara sassautawa, sai ga amalanke cike da katako da kwano a ƙofar gida. Baffanku Bala ya daɗe da niyyar gina ɗakunan haya a filin nan na baya, kowa ya sani, ni ma na sani, mantawa na yi ko kuma na sa kaina mantawa. Niyya ce mai kyau. Gida ya cika da baki, kasuwa yau da daɗi gobe babu, kuma a New Bell ko kejin kaza ka gina za ka sami mai haya. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa, na roƙe shi ya ɗaga aikin ko zuwa baɗi. Ya tambayi dalili, na faɗa. Ya yi dariya har da hawaye, ba don mugunta ba, abin ne ya ba shi dariya. Ya ce a garin da ake biyan mutane su sare ciyawa, ni zan hana gini saboda ita. Ya ce in amarya tumaki take so, zai saya mata buhun dusa duk wata. Na yi ƙoƙarin in gaya masa ba cikin tunkiya ake magana ba, abin da ta dasa da hannunta ne, shi kaɗai ne nata a duk faɗin garin nan. Bakina ya kasa. A zamaninmu namiji ba ya zama gaban yayansa ya ce ina tsoron matata za ta tafi. Yaya ya ce magina za su zo bayan Juma'a.

Na yi kwanaki ina juya abin. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma na san mummuna ce. Tun rasuwar mahaifinmu ba a raba gidan ba, kuma a unguwarmu ƙani ba ya buɗe baki ya nemi rabon gado uwa na raye, yaya na riƙe da gida. Halal ne a shari'a, amma a idon jama'a kamar ka tsaya a masallaci ne ka ce yayanka yana cin haƙƙinka. Na sani, na kuma je wurin liman na nema.

Ranar da dattawa suka zo da igiyar awo, Iya ta shige ɗaki ta ja labule. Aka fitar mata da nata, aka zo kanmu. Na ce a ba Yaya gaba, da zaure da shagon bakin titi, ni a ba ni ɗakuna biyu na ciki da filin baya. Dattawa suka dubi juna, ɗaya ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau, don kowa ya san gaba ta fi baya daraja nesa ba kusa ba. Daga wannan tambayar ne maganar ta fita unguwa, wai 'yar arewa ta shanye Sa'idu, ya bar shago ya ɗauki fadama. Maganar da kuka gada ke nan kuna maimaitawa. Baffanku bai ɗaga murya ba. Da aka shafa fatiha ya tsaya a gabana, idonsa ja.

"Auta, ni na ci maka wani abu?"

"Wallahi Yaya ba ka ci ba."

"To me na yi maka da za ka tara mini mutane?"

Na sunkuyar da kai. Ya jira, sannan ya juya. Kwanon da ya sayo don rufin ɗakunan haya, da shi ya ja danga a tsakiyar gidan ubanmu.

Mahaifiyarku ba ta san komai ba sai da ta ga dattawa da igiya. Wannan shi ne abin da nake so ku ji da kyau. Ba ta roƙe ni ba, ba ta yi mini hannunka-mai-sanda ba, ko sau ɗaya ba ta ambaci ginin ba. Da suka watse ta same ni a ɗaki ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Malam, don Allah ka je ka janye. A tuge ciyawar, ni zan tuge ta da hannuna. Kada a ce da zuwana gida ya rabu."

Na ce mata aikin gama ya gama, kuma ba ita ta sa ni ba. Ta tambaye ni don me na yi. Na dubi ƙarƙashin gado, ita ma ta duba.

Abin ya ci mini da yawa, ba zan ɓoye muku ba. Shekaru Baffanku ba ya ce mini komai sai amsa sallama a masallaci. Iya, da ɗakinta ya faɗa ɓangarensa, sai ta zagayo ta lungu da sandarta in tana son ganinmu, ta zauna tana cewa ta haifi biyu sun mai da ita 'yar aike. Ku kuma kun tashi a cunkushe cikin ɗaki biyu, kuna jin 'ya'yan Baffa suna da shago, ku kuna da tumaki. Na san kun ji haushi, na gani a fuskokinku. Duk tsawon shekarun nan, kowace Sallah mahaifiyarku sai ta zaɓi cinya mafi kyau ta miƙa ta saman dangar, ko an karɓa da fara'a ko ba a karɓa ba. Ita ta yi jinyar Iya tare da matar Baffanku, a bakin gadon Iya kuma muka fara haɗa ido ni da shi. Mun shirya kafin ya rasu, alhamdu lillahi, amma shiri ne irin na ƙwaryar da aka ɗinke, tana ɗiban hatsi, ba ta ɗiban ruwa. Ina kewar yayana har gobe. Wadda kuke cewa ta raba mu, ita ce ta yi ɗinkin.

Amma na yi gaba da yawa, bari in koma waccan shekarar. Ruwa ya ɗauke, Kawu Hamadu ya cika alkawari. Ya ga mahaifiyarku ta yi kyau, ya ce duk da haka uwarta na son ganinta. Ba ni da bakin hanawa. Ta jawo akwatin nan yadda yake a ɗaure. Kafin su fita ta kai ni baya ta nuna mini kashin ciyawar da ya isa yanka da wanda ke biye, ta dunƙule hannu ta nuna mini tsawon da zan bari, ta ce tunkiyar tana da ciki, na ragon Mami Ngo ne, kada in bar ta da ƙishi. Ban tambaye ta yaushe za ta dawo ba, don ina tsoron amsar. Na raka su tashar jirgin ƙasa, na dawo gida na tarar da dangar kwano a gabana, ɗaki babu kowa. Ranar na ce a raina, Sa'idu, ka yi biyu babu.

Haka na zama mai yankan ciyawa. In na taso daga aiki sai in tuɓe farar riga in ɗauki lauje, ganyen sisongo yana tsaga mini hannu, matan maƙwabta suna leƙe suna ƙunshe dariya. Mami Ngo takan leƙo ta saman danga ta girgiza kai ta ce ashiya. Wata ya wuce, wani ya kama, babu saƙo. Masu cewa an shanye ni suka koma cewa an shanye shi an kuma bar shi. Tunkiya ta haihu, ɗa namiji, ƙafa gajera irin ta uban, launi irin na uwar. Na rasa wanda zan gaya wa, sai na zagaya na gaya wa Iya.

Wata ranar Asabar da hantsi ina tsugune a baya ina yanka, sai na ji Iya, da ta zagayo ɓangarenmu, tana ta lale marhabin a tsakar gida. Ban tashi ba, na kasa kunne. Sai da mahaifiyarku ta gama gaida Iya yadda ya kamata, ta sha ruwa, sannan na ji takunta. Ta yi baƙi, ta yi ƙiba, a gefen zanenta da wani ƙulli wanda daga baya na ga irin wake ne, wai za ta gwada shi tsakanin layukan in an sami sararin ruwa. Ta gaishe ni a taƙaice. Ta ɗauki ɗan ragon ta juya shi ta ajiye. Sannan ta bi kunyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta tsuguna inda na yanka, ta dunƙule hannu ta gwada a jikin kututturen.

"Malam, wa ya yanke wannan?"

"Ni ne."

"Dunƙulen hannu na ce. Wannan ai aski ka yi mata." Ta miƙo hannu ta karɓe laujen. "Ka koma wa alƙalaminka. Muddin ina gidan nan, kada ka ƙara taɓa mini ciyawa."

Faɗa take yi mini, ni kuwa ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Na tashi na ba ta wuri, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, hawaye suka zubo mini, ban hana su ba. Da yamma ta kwance igiyar akwatin ta ɗaure ɗan ragon da ita.

Na kuwa yi mata biyayya. A gidan nan ta haife ku duka, ragunan sunanku daga bayan gidan nan suka fito, ni ban ƙara taɓa laujen ba. Sai bara, bayan an share makokin mahaifiyarku, baƙi sun watse, kun koma gidajenku. Rana ta ɗaga, raɓa ta bushe, na ji tumaki suna kuka a baya. Na zauna ina jira in ji an tashi an je musu, kamar kullum. Na daɗe ina jira kafin in tashi in ɗauko laujen.